Ladanin da ke kan dutse: Kano da tarihin miƙa murya ta iska

Dattawan Yakasai sun san wani aiki da lasifika ta kusa kashewa. Ranar Sallah, idan jama'a ta cika filin Idi na Ƙofar Mata, muryar liman ba ta wuce sahu kaɗan. Sai wani mai ƙarfin murya da ke tsakiya ya ɗauki kabbarar ya ɗaga, wani can baya ya karɓa daga bakinsa, har na sahun ƙarshe ya san an yi ruku'u. Ko a yau, idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar salla, za ka ji ladan ya koma wannan tsohon aiki ba tare da an ce masa komai ba. Sharuɗɗan aikin kuwa uku ne: ya tsaya inda zai ji, ya faɗi abin da ya ji ba ƙari ba ragi, kuma kada ƙarar muryarsa ta hana shi jin liman.

Duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci na'urar da masu harkar rediyo ke kira rifita, wato mai maimaitawa. Akwati ne da ake ajiyewa a wuri mai tsayi, ya ji raunanar murya daga nesa, ya sake watsa ta nan take da ƙarfi. Kano ta riƙe irin wannan matsayi na tsakiya fiye da sau ɗaya a ƙarni na ashirin, har ta taɓa zama kunnen da Amurka ke sauraren ɗan sama jannatinta da shi. Abin da ya dame ni a labarin shi ne, a kowane karo, kayan na wani ne, mai gyaran ma na wani ne.

A 1944, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka buɗe wa Kano tashar rarraba rediyo ta waya. Legas ta samu tata tun 1935, Ibadan ta bi baya a 1939. Tsarin mai sauƙin bayani ne. A tasha ɗaya ake kafa manyan eriyoyi da na'urorin kama gajeren zango, su kamo BBC daga Ingila, a ƙara wa muryar ƙarfi, sannan a tura ta cikin waya bisa turaku zuwa ƙananan akwatuna a gidajen masu biyan kuɗin wata. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya kawo yadda aka kafa lasifikoki a bangon wuraren taruwar jama'a, irin su majalisar Sarki da ɗakin karatu da gidan waya. Daga Yakasai zuwa ƙofar fada tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintoci, saboda haka mutanen unguwar suna cikin na farko da suka tsaya a gindin bango suna jin labarin yaƙi daga bakin ƙarfe. Kafin nan ma muryar Bakano ta riga ta shiga iska: Bello Dandago da Isa Kaita na Katsina sun yi aikin watsa labarai da Hausa daga Accra a shekarun yaƙin. Sunan na farkon ne gidan Rediyon Kano ke ɗauke da shi har yau.

Akwatin nan ba shi da abin murɗawa a nemi wata tasha. Abin da aka zaɓo maka shi za ka ji, iyakar ikonka ka ƙara sauti ko ka rage. Ga hukumar mulkin mallaka wannan shi ne babban amfaninsa, domin a lokacin Jamus ma tana watsa nata labarin. Amma abin da ke tafiya cikin waya yana mutuwa da mutuwar waya. Gara ta ci turke, iskar farkon damina ta tsinke layi, unguwa ta yi shiru har sai ma'aikaci ya zo da tsani. Da ƙaramar rediyo mai batir ta yi araha, daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960, sai akwatunan suka zama tarkace a zaure. BBC ta fara Hausa a watan Maris na 1957, Rediyon Kaduna ta zo a 1962, Muryar Jamus a 1963, kowa ya zama mai zaɓar abin da zai ji.

Na tashi na tarar da wani tsoho a lungunmu da ya ɗaure siririyar wayar tagulla a jikin gora a kan soro, ya zuro ta ta taga ya naɗa a eriyar rediyonsa. Muna yara muna yi masa dariya. Ashe shi ne mai gaskiya. Gajeren zango ba ya buƙatar ladan a tsakiya, domin Allah ya riga ya ajiye masa nasa: can sama, daga kimanin kilomita 100 zuwa 400, akwai wani sashe na iska da hasken rana ke cajawa, wanda ke lanƙwaso siginar ta dawo ƙasa dubban kilomita daga inda ta tashi. Doguwar waya a sama da soro takan kamo fiye da abin da guntuwar eriya ke kamowa a cikin ɗaki. Sai dai wannan madubi na sama yana da halinsa. Yakan canza tsakanin dare da rana, tsakanin rani da damina, shi ya sa tashoshi ke sauya mita daga shirin safe zuwa na dare. Kuma idan mitar ta yi sama ƙwarai, kamar ta FM ko ta oba-oba, sigina ba ta dawowa, sai ta huda ta wuce. Irin wannan tana tafiya ne kamar gani: inda ido ya tsaya, nan ita ma take tsayawa, da ɗan ƙari.

Wannan hali na tafiya kamar gani shi ya kawo Amurkawa Kano. Kumbon da ke kewaya duniya a ƙasa-ƙasa, tasha ɗaya ba ta ganinsa sai na 'yan mintoci kafin ya faɗa bayan doron ƙasa. Don haka hukumar NASA ta jera tashoshi 18 a kewayen duniya saboda shirinta na Mercury, wasu a tudu wasu a jiragen ruwa. A watan Oktoban 1960, makonni kaɗan bayan samun 'yancin kai, Nijeriya ta amince a kafa ɗaya a Kano, tsakanin ta Tsibiran Kanari da ta Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, John Glenn ya ratsa ta saman Kano a cikin kumbon Friendship 7, ya ce yana hango guguwar ƙura a ƙasa. Ma'aikatan tashar suka amsa masa cewa an yi mako guda ana iska mai ƙarfi. Ba su faɗi sabon abu ba. Kowace tsohuwa a Yakasai ta san hunturu ne bai gama tafiya ba. A 1963 Nijeriya ta buga kan sarki mai hoton kumbon da tashar Kano. A watan Agustan shekarar, Shugaba Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a gaɓar Legas. Tauraron ɗan'adam na sadarwa ba komai ba ne illa rifita da aka rataye a inda babu dutsen da ya kai.

Zanzibar ta rufe tata tashar bayan juyin juya halin 1964. Ta Kano ta ci gaba har zamanin shirin Gemini, inda babban aikinta ya zama miƙa magana tsakanin kumbo da Houston, wato aikin ladan tsantsa. Da shirin ya ƙare a ƙarshen 1966, ita ma ta ƙare. Ka tambayi ɗalibai ɗari a birni yau, da wuya ka samu biyu da suka taɓa jin labarinta. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Akwai wata al'ada dabam a duniyar rediyo, wadda ba ta gwamnati ba ce, ba ta kamfani ba. Ita ce ta masu rediyon sha'awa: mutanen da ke cin jarrabawa su karɓi lasisi, a ba kowannensu alamar kira tasa, su haɗa na'urorinsu da hannunsu, su yi magana da junansu ba don kuɗi ba. Asalin babbar ƙungiyarsu ma daga matsalar miƙa saƙo ya fito. A 1914 wani Ba'amurke, Hiram Percy Maxim, ya so aika saƙo daga Hartford zuwa Springfield, na'urarsa ta gaza, sai ya roƙi wani da ke tsakanin garuruwan biyu ya karɓa ya miƙa. Daga nan ya kafa ƙungiyar ARRL, wadda a cikin sunanta akwai kalmar da ke nufin miƙa abu hannu zuwa hannu. Hukuma ta tura su gajeren zango a 1912 bisa zaton ba shi da amfani, sai ga shi a 1923 wani Bafaranshe, Léon Deloy, ya yi musayar saƙo da Amurkawa ta cikinsa, ya tsallake Tekun Atilantika da ƙaramar na'ura. Wato zangon da tsohon lungunmu ke kamawa da gorarsa, 'yan sha'awa ne suka fara nuna wa duniya darajarsa.

Da farko mutum ne ke zama a tsakiya, ya rubuta saƙo ya sake bugawa. A tsakiyar shekarun 1950 wani mai suna Art Gentry ya ɗora na'ura mai yin aikin da kanta a kan wani dutse da ke kallon Los Angeles. Abin ya bazu sosai ne bayan da tsofaffin rediyoyin tasi da na 'yan sanda suka cika kasuwar gwanjo, masu sha'awa suka saya suka juya su. Ingila ta samu rifitarta ta farko, GB3PI, a 1972. A Nijeriya kuwa, alamar kira a zamanin Turawa tana farawa da ZD2, bayan 'yanci ta koma 5N. Ta Nijar 5U ce. Akwai ƙungiyar masu wannan sha'awa ta ƙasa, NARS, kuma tun 1961 akwai dokar da ta haramta watsa sigina ba lasisi. Amma harkar ba ta taɓa yin jama'a ba. Yawancin na farko baƙi ne da aiki ya kawo, idan kwangila ta ƙare su naɗe eriyarsu su tafi. Yaƙin basasa da dogon mulkin soja kuma ba su bar wa farar hula mai na'urar aika magana a ɗakinsa wurin sakewa ba.

Bari mu ɗauka wasu matasa a cikin birni sun samu lasisi, suna son su kafa rifita. Me ke gabansu?

Na farko, tsayi. Akwai lissafi mai sauƙi: ka nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da tsayin eriya a mita, ka ninka ta sau huɗu da ɗan kai, ka samu nisan da sigina za ta kai a kilomita. Mai riƙe da oba-oba a tsaye bai wuce kilomita shida ba, a fili ke nan. A lungunan Yakasai, tsakanin katangun ƙasa masu kauri da benayen siminti da rufin kwano, ko rabin haka ba zai samu ba. Kan bene mai mita 9 zai ba da kilomita 12. Amma idan dutse da turke suka haɗu suka ba da mita 64, an doshi kilomita 33, wato Kura da Gezawa da Dawakin Kudu duk sun shigo, kuma mutum biyu da ke ɓangarori biyu na birni, tsakaninsu fiye da kilomita 60, za su gaisa da na'urar da ke shiga aljihu. A lura da rowar lissafin: kafin nisa ya ninka sau biyu, sai tsayi ya ninka sau huɗu. Cikin ganuwa kuwa wurare biyu ne aka ba mu kyauta, Dala da Gwauron Dutse. Dalilin da ya sa maƙeran farko suka zauna a gindin Dala dabam ne, amma dalilin da ya sa ake hango ta daga nesa shi ne dai wanda injiniyan rediyo ke nema.

Na biyu shi ne sharaɗin nan na uku na ladan, kuma shi ne mafi wuya. Rifita tana ji tana magana a lokaci guda, sau da yawa ma da eriya ɗaya. A zangon da ake kira na mita biyu, wanda a yankinmu na Afirka da Turai ya kama daga megahaz 144 zuwa 146, tazarar da ke tsakanin mitar ji da mitar magana kilohaz 600 ce kacal, ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ka kwatanta mutum yana busa kakaki, kuma ana so a daidai lokacin ya ji raɗar wani daga Fagge. Maganin shi ne wasu gwangwanayen ƙarfe huɗu ko shida, kowanne ya haura rabin mita, da sanda a cikinsa da ake murɗawa har ya zama yana barin mita ɗaya ta wuce yana tare ɗayar. Su ne rariyar na'urar. Galibi sun fi rediyon kansa tsada, kuma ƙarfe yana miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, daren hunturu kuma ya sa mutane jin wuta, gwangwanin da aka yi da ƙarfen banza zai goce daga saitinsa, rifita ta kurmance da muryar kanta. Mai amfani da ita a ƙasa ba zai gane ba. Shi dai zai ga na kusa suna shiga, na nesa sun ɓace.

Ita eriyar ba abin tsoro ba ce. Sanda mai kimanin rabin mita, wato rubu'in tsawon zangon, da 'yan sanduna huɗu a gindinta, ta isa a fara; duk mai walda a birni zai iya haɗa ta idan aka ba shi awo. Inda ake asara shi ne kebul. Siririn nan mai araha, idan ya kai mita 30, yakan cinye kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin kafin ya isa sama, haka kuma yake cinye abin da ke saukowa. Mutum ya sayi rediyo mai tsada ya haɗa da kebul na banza, ya zuba ruwa a kwando ke nan.

Duk wannan aikin mako biyu ne ga masu kuɗi da sani. Abin da ke kashe rifita yana zuwa ne daga baya, a hankali, kuma shekarar Kano kamar an tsara ta ne don jarraba ta. Hunturu ya lulluɓe farantin sola da ƙura har caji ya ragu, busasshiyar iska kuma tana tara wa eriya wani caji da ke sa ƙara a kunne, wani lokaci ya ƙona ƙofar na'urar ji. Bazara ta zo ta dafa batir. Masu sana'ar sun san cewa duk ƙarin zafi na kimanin digiri goma yana raba kwanan batirin dalma biyu. Sannan hadarin farko ya taso da iskarsa, ya gwada kowace igiyar ƙarfe da ke riƙe da turke. Ruwa ya sami 'yar kafa a mahaɗar kebul da ba a naɗe da kyau ba, ya tsiyaya ciki, tagulla ta yi kore, sigina ta riƙa raguwa wata bayan wata ba wanda ya san dalili. Aradu kuwa ba ta da abin so kamar ƙarfe a kan dutse, kuma dutse shi ne wuri mafi wuyar binne sandar da za ta kai ta ƙasa. Ban ma ambaci ɓarawon batir ba, ko ɓera, ko zumar da ke son akwati mai ɗumi.

Saboda haka a ƙasashen da rifitoci suka daɗe, abin da ke riƙe da su ƙungiya ce mai littafin kuɗi, da mutum ɗaya da lasisin ke wuyansa, da wani da ya yarda ya hau turke kafin damina. A nan nake ganin ba mu da uzuri. Unguwar da ta iya riƙe masallaci da makabarta da rijiyar burtsatse da karo-karo, ta iya biyan 'yan sintiri duk wata, ta san wannan tsari sarai. Mun kuma san yadda yake lalacewa: a yi bikin buɗewa da shinkafa, bayan shekara biyu famfo ya tsaya saboda wata roba ta naira kaɗan, kowa yana jiran wanda ya kawo aikin ya dawo.

Mai karatu zai ce, to, ina amfanin wahalar, ga waya a hannun kowa? Tambaya ce mai kyau. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, dogayen ƙarafan kamfanoni sun fi rimi yawa a birni, kuma kowannensu ladan ne, ga janareta ga mai gadi. Amma mun ga abin da ke faruwa idan suka yi shiru. A watan Satumban 2012 'yan bindiga sun kai wa turakun sadarwa hari a jihohi da dama na Arewa, har da Kano. A 2013 an katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa. A Satumban 2021 an rufe na Zamfara baki ɗaya, sannan wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suka riƙa yin tafiya mai nisa don kawai su sanar da rasuwa ko su karɓi kuɗi. Ba zan yaudari kowa ba: inda hukuma ta rufe waya saboda tsaro, ba za ta bar rifita a buɗe ba, kuma arhar oba-oba a kasuwa, wadda ɗan sintiri da ɗan ta'adda duk ke saya ba takarda, ta ƙara wa jami'ai zargi. Sai dai rediyon sha'awa ba ya ɓuya. Doka ta hana shi sirranta magana, ta hana shi ciniki, ta wajabta wa kowa ya faɗi alamar kiransa, duk mai kunne kuma yana ji. Amfaninsa na ranar ambaliya ne da gobarar kasuwa da ranar da layi ya cushe, sannan da wani amfani da ya fi wannan daɗewa: yaron da ya taɓa saita gwangwanayen nan da hannunsa ya san abin da ke cikin turken kamfani, ba sai an ɗauko masa injiniya daga Legas ba.

Akwai wata rifitar da ke saman Yakasai a wannan sa'a. A watan Nuwamban 2018 Katar ta harba tauraron Es'hail-2, ɗauke da na'urar masu rediyon sha'awa da suka haɗa kai da takwarorinsu na Jamus suka samar, wadda ake kira QO-100. Yana tsaye wuri ɗaya, kimanin kilomita 36,000 a sama, yana jin masu magana daga gabashin Barazil har Tailan. Daga Kano yana kudu maso gabas, can sama sosai, kusan daidai inda tauraron Arabsat yake, wato kwanukan dish da yawa da ke kan sorayen unguwar sun riga sun fuskance shi. Da irin kwanon nan da 'yar na'urar da ake maƙala wa kwamfuta, ana iya zama a kan soro bayan isha a ji Bajamushe yana gaisawa da mutumin Indiya. Sauraro ba ya buƙatar hawa turke. Shi ma dai na Katar ne, an ƙera shi ya yi shekara goma sha biyar ko sama da haka, kuma ranar da mansa ya ƙare babu tsanin da zai kai wurinsa.